Idon Kyamara da Kurwar 'Yata

Ƙarshen damina ne, ruwa ya ɗauke amma kogi bai janye ba. Shekarar ta zo mana da kifi da sauro daidai wa daida. Gyaɗa ta yi kyau, motoci suna ta nishi cikin yashi zuwa Nguru inda jirgin ƙasa yake kwasa, kowa a Gashuwa yana jin kamar bana ce tasa. A shekarar na shiga ajin yaƙi da jahilci na mata, ina zuwa da 'yata ta uku, wadda aka yaye amma ta ƙi rabuwa da baya.

Maƙwabciyarmu wata tsohuwa ce mutuniyar Bade, bandar kifi ce sana'arta. Mijinta ya rasu, 'ya'yan da ta haifa babu wanda ya tsaya. Iya muke ce mata. Hausarta ba ta raba namiji da mace, 'yata ma "yarona" take ce mata, ita kuwa yarinyar ba ta da wurin zama da ya wuce cinyar Iya, duk da ƙaurin hayaƙi.

Wata ranar kasuwa maigida ya shigo da mai hoto. Akawun kanti ne daga Nguru, magidanci, iyayensa Kanawa, da 'yar kyamararsa a wuya wadda ya saya hannun wani Bature mai tafiya gida. Aka ce a ɗauki yarinya. Ta ƙi tsayawa, ta ƙi zama, sai da aka kira Iya ta ɗora ta a cinya a ƙarƙashin rumfa, ta rungume ta da hannu ɗaya, ta kawo fuskarta dab da ƙeyar yarinyar. Mai hoto ya matso kusa, ya murɗa nan, ya murɗa can, ya danna.

Kafin hoton ya iso mana ta hannun direban mota, zazzaɓi ya kwantar da 'yata kwana biyu. Yayar maigida, wadda take zaune tare da mu tun rasuwar mijinta, ita ta fara karɓa. Ta duba, ta ajiye a tabarma, ta yi salati. Fuskar Iya ta fito raɗau, ana ƙirga tsagen kumatunta. Fuskar yarinya kuwa dishi-dishi, kamar an leƙa ta ta cikin ruwa. Kafin la'asar hoton ya zaga gidaje bakwai, ya dawo da magana guda: Iya mayya ce, ta kama kurwar yarinya, ga shi har kyamara ta nuna. Yaya ta aika direba ya tambayi mai hoto, ya dawo da amsar cewa kyamara ba ta ƙarya, abin da ta gani shi take ɗauka. Daga ranar aka daina sayen kifin Iya.

Sai aka ce tsallake za a yi. A wajenmu idan an zargi mutum da maita, akan kwantar da marar lafiya a ƙasa, a sa wanda ake zargi ya tuɓe a gaban jama'a ya tsallaka shi sau uku, wai ya saki kurwa. Bulama, wato mai unguwarmu, ya sa ranar Asabar. Maigida ya ce idan tsallake zai kawo sauƙi, mene ne a ciki? Na san abin da ke ciki. Macen da aka tuɓe a bainar jama'a ba ta sake zama a garin, kuma Iya ba ta da wani gari.

Ni ba mai ɗaga murya ba ce, har yau. Na dai ɗauki hoton na zauna da shi a bakin ɗaki. A aji malama ta koya mana kada mu yi wa harafi kallon sama-sama, don 'yar ƙugiya ce ta raba bari da ɓari. Da wannan idon na bi hoton. Hancin yarinya da idanunta sun dushe, gaskiya ne. Amma kitson da ke bayan kunnenta ya fito sili-sili. Sannan hannun Iya, wanda ta zagayo da shi gaba kan cikin yarinyar, shi ma ya dushe, ko faratan ba a rabewa. Na nuna wa Yaya, na tambaye ta ko mayya takan ci hannun kanta. Ta ce bokon nan da nake zuwa shi zai kai ni ya baro.

Na ce wa maigida zan kai yarinya asibitin Nguru. Bai iya hana ni ba, don shi ma hankalinsa a tashe yake. Ranar Laraba muka hau mota kan buhunan gyaɗa, rana tana dukanmu, na lulluɓe ta da mayafi ina ɗiga mata ruwa. Aka yi mata allura, aka ba mu ƙwayoyi masu ɗaci. Na sauka gidan wata innata, bayan azahar na sa aka nuna mini kantin.

Mai hoto ya gane ni. Da na ajiye hoton a gabansa sai ya ce yarinyar ce ta motsa. Na ce in ta motsa ai kitsonta ma zai motsa. Ya ce to shi dai aikinsa babu kuskure, ya ɗauko kyamarar ya ce in leƙa. Akwai wata 'yar taga a gefe, a tsakiyarta wani ɗan fili mai ruwan ɗorawa. Da na saita kan gorar ruwa sai na ga gora biyu. Ya murɗa wani zobe a bakin kyamarar, suka taho a hankali suka zama ɗaya. Ya ce da zarar biyu sun zama ɗaya, abin ya zauna, ko Baturen da ya ƙera ta ba zai yi musu ba.

Na juya kyamarar na dubi gabanta. Na ce, "Malam, ai tagar da kake leƙawa daban, idon da yake ɗauka daban. Wa ya gaya maka bakinsu ɗaya?"

Ya yi dariya ya ce, "Baiwar Allah, wata nawa kika yi a aji?"

Na ce biyar. Ya ce shi shekararsa bakwai a aji. Na ce to ya fi ni sanin cewa ranar Asabar za a tuɓe tsohuwa saboda maganar da ya aika. Dariyar ta tsaya. Ashe direba bai gaya masa dalilin tambayar ba.

Na tambaye shi ɗaya zoben da na ga ya murɗa ran nan, na mene ne. Ya nuna mini: a cikin idon akwai wasu 'yan ganyayyaki na ƙarfe da suke tsukewa su buɗe, kamar idon kyanwa a rana da inuwa. Ya ce a ƙarƙashin rumfarmu ya ɗan tsuke shi kaɗan. Sai kuma ya ce ba mu ne na fari ba. Akwai masu kawo ƙorafin fuska ba ta fito ba, kullum yakan ce musu sun motsa, kuma duk waɗanda ya matsa kusa da su ne.

Na roƙi kwalin ashana guda biyar da fensir. A kan kowane na rubuta harafi da hannuna: a, b, ɓ, c, d. Na jera su a kan benci a karkace, kowane yana bayan ɗan'uwansa da yatsa uku. Na ce kwali dai ba ya motsi. Ya matso kusa kamar yadda ya matso mana ran nan, ya haɗa biyunsa su zama ɗaya a kan na tsakiya, ya ɗauka sau uku: ido a buɗe, ido a ɗan tsuke kamar na ran nan, ido a tsuke sosai. Ya yi gunagunin fim ba ya tsiro a fadama, amma ya yi. Masu sayayya suka taru suna kallon mace tana sa akawu ɗaukar hoton ashana. Wani ya tambaya ko auren kwalayen za a yi.

Ranar Alhamis da hantsi ya kawo hotunan gidan innata da kansa, ko bushewa ba su gama ba. A na farko ɓ ta fito tar da ƙugiyarta. A na uku duka biyar sun fito. A na biyun kuwa ƙugiyar ta narke, ba ka raba ɓ da b, sai c da ke bayanta ce ta fito raɗau. Ya ce ya jima yana dubawa bai ga inda ya yi kuskure ba. Idon ne, in an ɗan tsuke shi sai ganinsa ya ja baya, tagar kuwa ba ta sani ba, tana nan tana cewa komai daidai. Na ce ya rubuta haka a bayan hoton, ya sa hannu. Ya rubuta, har ya ƙara da cewa maganarsa ta farko ya janye.

Muka dawo Gashuwa ranar Juma'a, jikin yarinya ya fara sanyi, har ta nemi kunu. Tun a tasha na ji fassarar da aka yi: wai mayya ta ji tsoron Asabar ta sassauta. Bayan la'asar na shimfiɗa hotunan a zaure gaban maigida da Yaya da bulama. Na karanta musu bayan hoton, ina tsayawa a kan dogayen kalmomi. Na sa yatsa a kan na biyu na ce, "Ranka ya daɗe, wa ya ci kurwar wannan harafi?"

Bulama ya juya hoton sama da ƙasa, don ba ya karatun boko, amma ya ga ɗaya ya dushe na bayansa ya fito. Yaya ta ce kwali ba shi da kurwa. Na ce nan muka haɗu, Yaya, ba shi da ita, ga shi kuma ya dushe. Ta ce tsallake dai ba ya kashe kowa, a yi a huta, mutanen unguwa sun riga sun sa rai. Bulama ya ce shi ba zai hana ba, ba zai kuma tilasta ba, magana tana hannun masu yarinya.

Na ce, "Ni na haife ta. Ba za a kwantar da ita a ƙasa ba, ba kuma za a tuɓe kowa da sunanta ba. Wanda ya sa rai da kallo ya je bakin kogi."

Ban taɓa yi wa Yaya magana haka ba. Ta tashi ta shige ciki, ta yi kusan wata ba ta amsa gaisuwata. Maigida ya tattara hotunan ya miƙo mini, bai ce e ba, bai ce a'a ba. Na san kuma rabin unguwa ba za su bar abin da suka riga suka yarda da shi saboda kwalin ashana ba.

Washegari da safe, lokacin da mata suka fara leƙowa ta kan danga su ga ko za a yi, na dama kunu, na goya yarinya, na fita ta ƙofar zaure. Na tarar da Iya zaune gaban murhunta da ba ta hura ba, ta ƙulle 'yan kayanta a tsumma. Na gaishe ta da ƙarfi yadda na kan danga za su ji. Na sauke yarinyar, na miƙa wa Iya ƙwarya da ludayi, na ce ta ba ta da hannunta, ni zan hura wuta.