Ƙugiyoyin da Ba Su Ga Kogi Ba

Jiya ina gyara ɗakinmu na unguwar Ulaisha a Riyad, wata 'yar ƙugiya ta soke ni a yatsa. Ta Baba ce, dattijon direban da muka zauna tare, masunci ne tun daga gida.

Duk Juma'a bayan la'asar yakan ɗaura wa ƙananan ƙugiyoyi gashin kaza, ya naɗe su da wayar tagulla don su nutse da wuri, ya jefa a bokitin wanka yana kallo.

Na taɓa ce masa, "Baba, ina kogi a Riyad?"

Ya ce, "Iƙamata, takardar zamana a ƙasar nan, ta kusa ƙarewa, ɗana. Kifin Yawuri yana jirana."

A nan muka binne shi, cikin yashi. Ƙugiyoyinsa ba su san wani ruwa ba sai na bokiti.

Allah ya shayar da shi daga ƙoramun Aljanna.