Biyar Dogaye, Biyar Gajeru

Da la'asar Baba yakan hau rufin benen da muke haya a Giza, ya zauna a wata tsohuwar kujerar roba, ya juya fuska yamma. A lokacin sararin Alƙahira yakan yi ja-ja-ja, tantabarun maƙwabta na kewaya ɗakunansu na katako, kiran salla na tasowa daga nan da can har ya gauraye. Ni kuma ina kwashe shanya. Sai in ji ya ce, "Uwata, iska ta juya." Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini. In na dubi zannuwan da ke kan igiya, sai in ga gaskiyarsa ce.

Kafin yaƙi ya koro mu daga Sudan, gyaran agogo ne sana'arsa, harbi kuma shi ne abin da ya fi so a duniya. Bai taɓa harbin ko kurciya ba. Takarda yake harbi, a filin wata ƙungiyar 'yan wasan harbi, daga nisan da ni ko allon ba na hangowa. Kuma bai yarda da harsashin kanti ba. A ɗakin aikin ƙungiyar yake haɗa nasa: ya goge kwanso, ya auna albarushi, ya ɗora kan harsashi, ɗaya bayan ɗaya, kamar mai tsintar shinkafa.

Kan harsashin nan shi ya hana shi sakat shekara da shekaru. Iri biyu ne. Akwai dogo mai nauyi, mai siririn gindi, wanda ba ya gaggawa amma iska ba ta cika kautar da shi ba. Akwai gajere mara nauyi, mai gudu, wanda in iska ta kwanta sai ya tafi sak, in ta motsa kuma ta ture shi. Duk Juma'a sai ya haɗa biyar na wannan, biyar na wancan, ya harba, ya dawo da takardu biyu yana auna tazarar hudojin. Wannan makon dogo ya ci, na gaba gajere. Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, takan ce mutumin da ya zaɓi matar aure a yini ɗaya ya kasa zaɓen guntun ƙarfe a shekara ashirin.

Ni kam tun da na ji ƙarar bindiga a ƙofar gidanmu na tsani duk wani abu mai kunama, kuma ban ɓoye masa ba. Ba ya gardama. Sai dai a rufin nan in ya fara labarin tafiyar harsashi, yadda yake hawa sama ya sauko a hankali, yadda iska ke raka shi, muryarsa takan yi laushi har in manta haushina, in tsaya da kwando a hannu ina kallon sama kamar zan ga abin yana wucewa.

Abin da yake ɓoye mini, ni kuma nake yi kamar ban gani ba, shi ne idonsa na tafiya. Ya zuba shayi gefen kofi ya fi a ƙirga. Ran nan rigar da na rataye a ƙofa ya yi wa sallama. In na yi maganar likita sai ya ce hasken Masar ne bai saba da shi ba.

Ana haka sai wani Bamisire, tsohon abokin gasarsa, ya samo lambarsa. Shi ke kula da ɗakin aikin wani filin harbi a bayan gari, can wajen sahara. Ya ce Baba ya zo ya haɗa harsasansa da hannunsa, ya harba da bindigar filin. Kwana uku Baba yana goge takalmi. Ya ce mini, "Wannan karon zan raba gardamar, khalas, shi ke nan." Ni kuwa ban so a ga kasawarsa a gaban mutane.

Muka shiga mikrobas, ƙaramar bas ta haya, da safe. A ɗakin aikin na ga Baba ya zama wani mutum daban. Ya zube kawunan harsasan a kan gilashi, yana gangara kowanne da yatsa, ya karkata kunne. Wanda ya yi ɗan tsalle sai ya ware shi gefe. Dogo da gajere kuwa da taɓi yake rabe su. Da aka zo awon albarushi sai ya tsaya yana ƙura wa sikelin ido.

"Uwata, karanto mini. Na manta tabarau."

Tabaran na aljihun gabansa, ina ganin su. Na karanto masa sau goma, abokinsa na tsaye yana tabbatarwa, har biyar dogaye da biyar gajeru suka jeru.

Filin shimfiɗe yake har ƙarshen gani. Rana ta ɗaga, kawalwainiya na rawa a kan yashi, allunan can nesa sai ka ce a kan ruwa suke yawo. Baba ya kwanta rub da ciki a kan tabarma, ya sa dogo ɗaya a bindiga, ya kafa ido a madubin bindigar. Ya ce iska daga dama take, 'yar kaɗan. Abokinsa ya dubi tutar da ke nuna iska ya ce, "Tamam," wato daidai ne. Muka jira. Numfashinsa ya daidaita, yatsansa na gefen kunama. Aka daɗe.

Sai ya ɗago kai ya yi magana da Hausa, ƙasa-ƙasa, don ni kaɗai in ji.

"Takardar tana nan kuwa?"

"Tana nan, Baba."

Ya buɗe bindigar ya zare harsashin ya ajiye a kan tabarma. Ya ce wa abokinsa da Larabci shi bai taɓa harbin abin da bai gani ba, ba kuma zai fara yau ba. Tausayinsa ya kama ni har na kasa duban kowa.

Abokin ne ya harba goman. Aka kawo takardun, Baba ya bi hudojin da yatsa, a hankali. Na dogayen sun fi matsuwa, ko ni na gani. Abokin ya yi masa murna, ya ce ga amsa ta fito.

"Ma'alish," in ji Baba, wato a yi haƙuri. "Hannunka ne da idonka. Amsarka ce."

Bai karɓi takardun ba. Muka fito bakin titi muna jiran mota, motoci na wucewa a guje. Da tamu ta tsaya na yi gaba zan shiga, sai na ji bai biyo ni ba. Na waiwaya. Yana tsaye inda na bar shi, ya miƙo hannu cikin iska yana laluben inda nake.

"Riƙe ni, Uwata," ya ce. "Ban ga matakin ba."