Gudumar Guixiang

Tu Guixiang ba ta iya wuce abu ba ta ƙwanƙwasa shi ba. Kofin shayi, kankana a kasuwa, har goshinmu, mu jikokinta. Haka muka taso muka same ta a gidanmu, farce ɗaya dogo, kai kullum a karkace kamar mai jiran kira.

Aikinta ke nan tun tana budurwa, a wata masana'antar tangaran a birnin Jingdezhen na ƙasar Sin, inda ake yin kwanuka marasa kauri kamar ɓawon ƙwai. In sun fito daga tanderu, gabanta ake jera su. Takan ɗaga kwano saitin taga ta ga ko haske ya ratsa shi bai ɗaya, har inuwar yatsunta ta bayyana ta ciki. Sannan ta ɗora shi a kan yatsu, ta taɓa bakinsa da farce. Lafiyayye yakan yi dogon amo. Mai ɓoyayyar tsaga kuwa sai ya ce ƙwas, ya yi shiru, shi kuma rabonsa guduma. Ba ta taɓa yabon kwano ba. Wanda ya yi, sai ta tura shi gefe ba ta ce uffan ba.

Ƙanenta Fagen shi ne mai kankare ɗanyen kwano da wuƙa yana juyawa, har ya sirance. Babu wanda ta fasa wa kaya kamarsa.

"Yaya, ke ko sarki aka gasa a tanderu sai kin ce yana da tsaga," in ji shi.

"In kai ka kankare shi, ai dole," in ji ta.

Da tsufa ya zo aka sallame ta, sai zama ya gagare ta. Ta share tsakar gida, ta sake sharewa. Ta tafi bakin kogi, ta dawo ba ta san abin da ya kai ta ba. Shi kuwa Fagen hannunsa ya fara rawa, 'ya'yansa suka ce ya huta. Ya ƙi. Amma ya daina kawo mata komai.

Wata rana da hantsi sai ga shi da kwando cike da bambaron shinkafa. Ya tona ya ciro kwano guda, fari fat, ya miƙa mata da hannu biyu don kada ta ga rawar. Ta gani.

Ta ɗaga shi ga haske. Gefe ɗaya ya ɗan yi duhu. Ta taɓa da farce. Ƙwas.

Ta dubi furfurar ƙanenta, zuciyarta ta karye. "Ya yi kyau, Fagen," ta ce.

Ya tsaya yana kallonta.

"Tun yaushe kika fara yabon kwano?"

"To, ya yi kyau ne."

"Daga nan na ji ya ce ƙwas, Yaya. Ko dai kin kurumce, ko kuwa kin sa ni a sahun tsofaffin da ake lallashi. Faɗa mini wanne ne, in san ko zan sayar da wuƙaƙena."

Guixiang ta miƙe. Ta shiga kicin ta fito. Ta gyara kujerar da ba ta karkace ba. Ta zuba masa shayi har ya tumbatsa. Shi dai yana zaune, ya matse hannayensa a tsakanin gwiwoyi.

Can sai ta jawo aljihun tebur, ta ɗauko 'yar gudumarta, wadda yanzu ƙashin kaza take fasawa da ita. Bugu ɗaya, kwanon ya tarwatse.

Ta tsinci gutsure guda ta kai masa har hanci. "Dubi nan. Ka yi wa wuƙa rowa, can kuma ka sakar mata. Wannan ai kaskon kare ne. Wa ya koya maka aiki, mai fawa?"

Fagen ya karɓa, ya juya shi, ya shafa kaurin da yatsa. Sai ya ƙyalƙyale da dariya har da tari.

"Muguwa! Tsohuwar banza mai kunnen ɓera!"

"Sha shayinka."

"Ina! Akwai wani kwanon yana bushewa a rumfa." Ya suri kwandonsa ya yi waje, ko sallama babu.

Ta bi shi har bakin ƙofa tana ɗaga murya: "Kada ka kawo mini irin wannan kuma!"

Ta dawo ta share gutsattsarin. Gudumar kuwa ba ta mayar da ita aljihun tebur ba. Ta goge ta, ta ajiye a bakin taga, ta jawo kujera ta zauna.