Ƙasa Uku da Kwandon Zabbi

"Kaka, kin san ko jandarma ba ya shiga gidan ambasad sai jakada ya yarda? Kamar ka taka ƙasarsu ne." Jikata ce ke karanta mini a wayarta jiya, ina tsintar wake. Sai da faifan ya suɓuce mini.

Farkon samun 'yancin kai, ina amarya a Gecheme, maigidana ya kai zabbi Yamai, ya bi gidajen ambasad yana sayarwa. Ya dawo yana cewa ƙasa uku ya shiga rana ɗaya, da ƙafa. Gari ya ɗauke shi maƙaryaci.

Na ce, "Malam, bar wanga zance, kunya nika ji."

Ya ce, "Mai gadi ya ce in na tsallake ƙofa na bar Nijar. Mi na ƙara?"

Bai sake tada maganar ba har ya rasu bara.

Jama'a, ashe gaskiyarsa ce! Na yi dariya, na yi kuka. Ran Juma'a zan shiga mota, in je in gaya wa abokansa biyu da suka rage.

Ku fa, wa kuka ƙaryata, gaskiyarsa ta iso bayan ya tafi?