Saura Kilo

Na fara ganinsa ranar Litinin, 6 ga Maris, 2017, da ƙarfe bakwai da rabi na safe, a bakin siton siminti inda nake aikin akawu. Ya zo neman aikin dako, siriri kamar sillen kara. Helma, shugaban 'yan dako, ya dube shi sama da ƙasa, ya kira mutanensa, ya sungume shi ya dire a kan sikelin auna kaya.

"Akawu, karanto mana."

Na karanto: arba'in da tara. Buhun siminti kilo hamsin ne.

"Saura kilo ka kai buhu!" in ji Helma. "Ai buhun ne zai ɗauke ka. A ba shi tsintsiya."

Aka yi dariya har da riƙe ciki. Sunan Saura Kilo ya bi shi daga ranar.

Ya karɓi tsintsiyar. Litinin da ta biyo baya ya zo tun ba a buɗe sito ba, ya hau sikelin da ƙafarsa.

"Baba Akawu, ka riƙa rubutawa. Wata rana ni zan ɗora Helma a nan, kuma kai za ka karanto."

Na ware masa shafi a bayan littafina.

Ya cika gwangwanaye biyu da siminti, ya soka bututun ƙarfe a tsakani, yana ɗagawa a bayan sito lokacin hutu. Ya raba shekara gida biyu, ya ba su sunayen aikinmu. Watannin lodi, ya ci ƙwai da wake da shinkafa da madara sau biyar a rana, jiki ya ƙaru, tsoka da kitse tare. Watannin saukale, ya rage ci don kitsen ya zube, tsokar ta zauna. A gidan yayarsa yake zaune. Ta taɓa biyo shi da kwanon abinci tana faɗa: "Kai mutum ne ko rami? Ko ƙanzo ba ka bar wa yara!"

A wata na bakwai ya kai sittin da takwas, da teɓa a gaba. Helma ya shafa ta a gaban mutane ya ce, "Allah ya raba lafiya, yaushe ne haihuwar?"

Wannan maganar ta sa ya yi kuskure. Ya yanke abinci kwatsam don teɓar ta tafi da wuri. Cikin mako shida kilo tara ya zube, ƙarfin ma ya bi shi, har jiri ya kayar da shi da tsintsiya a hannu. Ya daɗe yana kallon shafin.

"Gaggawa na yi. A sake lodi."

Karo na biyu bai kula kowa ba. Wata takwas yana ci, wata huɗu yana ragewa a hankali, rabin kilo a mako. Ya fara gwada buhu biyu a kafaɗa, don ya ƙiyasta Helma ba zai wuce haka sosai ba.

Ranar Litinin, 4 ga Maris, 2019, ya auna saba'in da ɗaya, babu teɓa. Da hantsi, ana tsakiyar lodin mota, ya jingine tsintsiya, ya rungumo Helma ta cinya, ya saɓa shi a kafaɗa. Taku goma sha biyu ne zuwa sikelin. Helma na ta shure-shure yana, "Kai, sauke ni! Ni sa'an ubanka ne!"

Ya dire shi.

"Baba Akawu, karanto mana."

Na karanto: ɗari da uku.

"Buhu biyu da ɗoriya," in ji Saura Kilo, "kuma duk tumbi ne. A ba shi tsintsiya."

Har direban motar sai da ya sauko yana dariya.

Da azahar manaja ya kore shi saboda taɓa na gaba da shi. Ni na buga takardar. Ya karɓa, ya roƙi in yage masa shafinsa, na kwafe sannan na ba shi. Yanzu yana dako a wani siton ƙarafa, ya yi aure, ya bar gidan yayarsa. Helma yana nan tare da mu, amma sunansa Buhu Biyu, kuma bai ƙara ɗora kowa a kan sikelin ba.