Robar Tiyub a Kan Igiyar Shanya

Laifina ne, kuma na san haka tun ranar da abin ya faru. Wata huɗu na yi ban faɗa ba.

Gyaran moto nake yi a bakin hanyar Mirriya. Lakwal, wato makarantar boko, ban yi nisa ba, amma wayoyin moto na san su kamar yatsuna, sai na ɗauka duk waya waya ce. Da zafin bazara ya tsananta, matata ta ce tana son fanka a rumfar tsakar gida, inda take yi wa mata kitso. Kitson nan shi ne sana'arta tun tana budurwa. Daga unguwar Birni har ta Zango mata kan zo su zauna a tabarmarta suna jiran layi.

Ta ce in kira maƙwabcinmu, mai gyaran wuta da ya yi karatun aikin har ya samu takarda. Na yi dariya.

"Don waya biyu zan kira mai takarda? Ni da nake tayar da moto matacce?"

"To, Malam, moto dai ba ya kashe mai shanya," in ji ta, tana ci gaba da tsefe kan wata.

Na jawo waya daga ɗaki. Ba ta kai ba, sai na ƙara wata, na murɗe su tare, na naɗe mahaɗin da robar tiyub, yadda nake ɗaure komai a gareji. Na rataya ta a jikin ƙarfen da ke riƙe da rumfa. A jikin ƙarfen nan kuma igiyar shanyarmu take ɗaure, ita ma ta waya ce. Fanka ta juya. Matan suka yi mini barka, ni kuma na ji daɗi.

Rana ta yi ta cin robar har ta tsattsage, ban taɓa ɗaga kai na duba ba.

Da aka yi ruwan farko, washegari da hantsi ta yi wanki. Ina zaune ina shan shayi lokacin da ta ɗora jiƙaƙƙen zane a igiya. Ba ta yi ihu ba. Hannunta ne ya damƙe wayar, jikinta yana karkarwa, idonta a kaina. Na miƙe, na tsaya. Na manta inda ake kashe wuta a gidan da aka haife ni. Wata mata da ta zo kitso ce ta ɗauki taɓarya ta doki igiyar har ta tsinke.

A likita suka ce ta tsira. Amma tafin hannunta na dama ya ƙone, yatsu biyu suka lanƙwashe, ba sa miƙewa.

Maƙwabcin ya zo ya bi wayar. Ya yanke mahaɗin, ya ja ni zaure, ya sa mini shi a hannu.

"Yaya, wannan aikin wa ne?"

Na jujjuya guntun wayar a hannuna. Bai sake tambaya ba. Ya gyara komai, ya tafi, bai faɗa wa kowa ba. Na jefa guntun a aljihun rigar aiki.

Ita kuwa kanta ta ɗora wa laifin. Duk wanda ya zo dubiya sai ta ce, "Ni ce na taɓa da jiƙaƙƙen hannu, ba takalmi." Ina zaune a gefe ina cewa ƙaddara ce.

Na kai ta wajen masu gashin ƙashi. Na sayo man shafawa iri-iri, na karɓo rubutu. Kullum da safe nakan riƙe yatsun ina murzawa, in na saki su koma yadda suke. Bayan wata uku ta gwada kitso a kan ƙanwarta. Gashin yana zamewa daga hannunta. Ta kama, ya kuɓuce, ta sake kamawa. Layi ɗaya ya ci mata rabin yini, kuma ya fito a karkace. Ta ajiye tsinken, ta ce wa ƙanwar ta je wajen wata.

Matan suka daina zuwa. Fanka tana juyawa a rumfa, ba kowa a ƙarƙashinta.

Wata rana bayan la'asar na same ta tana naɗe tabarmar kitson da hannu ɗaya, za ta bayar. Ta ce, "Da na sa takalmi ran nan, da yanzu ina da aikina."

Na ciro guntun wayar, na ajiye a gabanta. Ta dubi robar. Ta san ta, ta sha ganin ina yanka irinta.

Na durƙusa na ce, "Ba takalmi ba ne, ba hannunki ba ne. Ni na haɗa wannan, kin ce in kira mai aikin na ƙi. Na san haka tun ran nan, na bar ki kina zargin kanki. Ba ni da abin da zan mayar miki da shi. Ki yafe mini."