Muryar Baba Kallamu a Bakin Sama'ilu

A wani ƙauye da ke gefen Bagwai, in ka ce Sama'ilu mai jaki, sai a tambaye ka wanne. Amma ka ce Sama'ilu Aku, ko yaron goye zai nuna maka gidansu. Sana'arsa kai taki gonakin mutane a mangala, gonarsa kuwa ba ta kai a yi maganarta ba. Arzikin da Allah ya ba shi a maƙogwaro yake. In ya ji mutum ya yi magana sau ɗaya, to ya kwaikwaye shi ke nan, har tarinsa da jan hancinsa.

Uwarsa Hure ta sha dukansa a kan haka yana yaro. Takan ce, "'Ya'yan mutane suna kwaikwayon iyayensu riƙon fartanya, kai kana kwaikwayon atishawar mai unguwa!" Bai bari ba. Ina zai bari, alhali saboda bakin nan ake matsa masa wuri a tabarmar majalisa? In ba don shi ba, wa zai tuna da mai jakin taki?

Wanda ya fi iyawa shi ne Baba Kallamu, dattijo mutumin Barno mai sayar da kanwa, wanda ya tsufa a garin amma Hausarsa ba ta miƙe ba. Kullum ya dawo daga kasuwa, tun daga bakin zaure zai yi gyaran murya ya ce, "Amsa! Buta, buta, rana ya tafi!" Sai matarsa Inna Amsa ta fito masa da ruwan alwala. Shi kansa Kallamu yakan sa Sama'ilu ya yi, ya yi ta dariya har hularsa ta faɗi. Da bazara Allah ya yi masa rasuwa.

Da kaka, Kamilu, maƙwabcin su Inna Amsa, ya kira gayyar cirar gyaɗa. Gonarsa tana jingine da dangar gidan marigayin, don a nan ƙasar shuka har bakin ƙofa take zuwa. Wajen la'asar an gaji, an zauna ana shan fura, sai wani ya ce, "Aku, yi mana Baba Kallamu mana, Allah ya ji ƙansa."

Zuciyarsa ta ce kada ya yi. Amma ido duk yana kansa, shi kuwa bai taɓa iya ƙin ido ba. Ya ranƙwafa, ya yi gyaran murya, ya ɗaga murya: "Amsa! Buta, buta, rana ya tafi!"

Ba a gama dariya ba aka ji motsin ƙyaure. Inna Amsa ce ta fito da sauri, ba takalmi, mayafi a karkace, buta a hannu ruwa yana zuba mata a ƙafa. Ta tsaya tana duban fuskokin mutane ɗaya bayan ɗaya. Da idonta ya sauka a kan Sama'ilu, har yanzu a ranƙwafe yake kamar tsohon. Ta juya ta koma ciki.

Kunya ta rufe Sama'ilu, ya ji da ma ƙasa ta tsage ya shige. Ya daina zuwa majalisa. Jakinsa ya saba bi ta ƙofar gidan Kallamu, shi kuwa ya riƙa jan sa ta bayan gari, suna kokawa kullum. Da abin ya yi tsawo, matarsa Tahira ta ce, "Malam, ɓuya ba ban haƙuri ba ne. Ka tashi ka je."

Ya je da la'asar, ya durƙusa a bakin zaure, kai a ƙasa. Ya ce, "Inna, ki yafe mini. Wallahi ban yi don in ɓata miki ba."

Ta ce, "Na san ba shi ba ne, ɗan nan. A gabana aka fita da shi. Hannuna ne ya riga ni ɗaukar butar." Ta murza bakin mayafinta. "Tun da ya tafi ba wanda ya kira ni da sunana. Kowa Inna, Inna. Don Allah sake yi mini sau ɗaya."

Sama'ilu ya ranƙwafa. Ya yi gyaran murya, ya buɗe baki. Mutumin da ya kwaikwayi rabin gari, yau maƙogwaronsa ya ƙi. Ya sake gwadawa, abin da ya fito muryarsa ce ta kansa: "Inna…"

Ta jira, ta jira. Sannan ta turo masa butar da ke gefenta.

"Ba komai," in ji ta. "Yi alwala, rana ta tafi."